Cajar Mota a Gida: Kafin Ka Ƙirga Dala Dubun Gwamnatin Amurka, Buɗe Akwatin Wuta

Ranar 4 ga Yulin 2025, ana tsakiyar shagalin bikin 'yancin kan Amurka, Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu kan wata ƙatuwar dokar haraji da kashe kuɗi wadda ta sha da ƙyar a majalisa. A Majalisar Dattawa sai da Mataimakin Shugaba JD Vance ya raba gardama aka tashi 51 da 50, a ta Wakilai kuma 218 da 214. Cikin ɗaruruwan shafukan dokar akwai 'yan layukan da suka leƙa har cikin garejin jama'a. Ragin haraji na dala 7,500 da ake yi wa wanda ya sayi sabuwar motar lantarki, da na dala 4,000 na mai sayen ta hannu, an yanke musu wa'adi zuwa 30 ga Satumban 2025. Ƙanensu, ragin da ake yi wa wanda ya kafa cajar mota a gidansa, da can an ce zai kai ƙarshen 2032. Aka datse shi ya tsaya a 30 ga Yunin 2026.

Babu abin da 'yan kasuwa ke so kamar wa'adi. Da zarar an sa rana, talla ta samu baki: maza ka saya kafin a rufe ƙofa, gwamnati za ta biya maka kashi 30 cikin 100. Mutum ya shiga intanet ya yi ta kwatanta cajoji, wannan tana da manhaja, waccan tana da fitila mai launi, ya zaɓi mafi ƙarfi ya biya. Sai mai aikin wuta ya zo, ya wuce kwalin cajar ko kallo bai ishe shi ba, ya nufi wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka da ke manne a bangon gareji ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe ya yi tsit. Hukuncin da zai fito daga akwatin nan shi ne ainihin farashin aikin, kuma ba sau ɗaya ba yakan zarce kuɗin cajar da ragin harajin a haɗe. Ni a ganina daga nan ya kamata lissafi ya fara, dala dubun gwamnati ta biyo baya.

Mil nawa kake ci a rana?

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta daɗe tana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na cajin motocin lantarki a gida ake yin sa. Ba abin mamaki ba ne, tunda a gida mota ke kwana, wutar gida kuma ta fi ta tasha araha nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taɓa haɗa sola ya san wutar batir daban, wutar layi daban, shi ya sa ake sa inbata a tsakani. A motar lantarki, na'urar da ke juya wutar layi ta koma irin wadda batir ke sha tana cikin motar kanta. Abin da ake ratayewa a bango aikinsa tsaro ne da shiga tsakani: ya gaya wa mota iyakar wutar da aka yarda ta ja, ya ƙi sakin wuta sai kan waya ya zauna daram, ya katse nan take in ya ji wuta na zurarewa. Saboda haka kowace mota da iyakar maƙogwaronta. Nissan Leaf da aka shafe shekaru ana sayarwa kilowat 6.6 take sha. Ko ka kafa mata caja mai kilowat 19, wannan 6.6 ɗin za ta karɓa ta bar maka saura. Tesla Model Y takan ja har 11.5. Wanda bai duba wannan lamba a littafin motarsa ba kafin ya saya, yana iya biyan kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa mora ba.

Gidajen Amurka suna da wuta iri biyu. Soket na yau da kullum bolt 120 yake bayarwa, kuma wayar cajin da ake jona masa takan ja amfiya 12, wato kilowat 1.4. Wannan shi ake kira mataki na ɗaya, kuma yakan ƙara wa mota tafiyar mil 3 zuwa 5 a kowace awa. Mutane suna raina shi, amma a yi lissafi: motar da ta kwana a jone awa goma za ta wayi gari da ƙarin mil 30 zuwa 50. Alƙaluman hukumar manyan hanyoyi sun nuna matsakaicin direba a Amurka yana cin kusan mil 13,500 a shekara, ƙasa da mil 40 ke nan a rana. Wato akwai gidaje da yawa, musamman masu motar da ke haɗa fetur da batir, da soket ɗin da ke garejinsu tun fil azal ya ishe su ba tare da sun kashe ko sisi ba. Ba za ka ji wannan a bakin mai sayar da caja ba.

Mataki na biyu shi ne na bolt 240, irin layin da ake ja wa murhun lantarki da na'urar busar da tufafi. A nan ne ciniki yake. Amfiya 16 tana ba da kilowat 3.8, amfiya 32 kilowat 7.7, amfiya 40 kilowat 9.6, amfiya 48 kuma kilowat 11.5. Motar lantarki matsakaiciya takan yi mil 3 zuwa 4 da yunit ɗaya na wuta, don haka tafiyar mil 40 yunit 12 ce ko kusa da haka. Caja mai amfiya 32 za ta mayar da wannan cikin awa ɗaya da rabi. Mai amfiya 16, wadda ake gani kamar ba caja ba, za ta gama cikin awa uku da 'yan mintuna, maigida bai ma kai ga juyin barci na farko ba. To me ake yi da amfiya 48?

Akwai masu bukatarta da gaske. Direban Uber ko Lyft da ke cin mil 200 a rana yana bukatar yunit 60 kowane dare, kuma bambancin awa takwas da awa biyar a wurinsa bambancin kuɗin cefane ne. Haka mai ƙatuwar a-kori-kura irin Ford F-150 Lightning, da mazaunin jiha mai tsananin sanyi irin Minnesota, inda hunturu ke cinye wani kaso na batir wajen ɗumama mota. Sauran jama'a galibi ba tafiya suke saye ba, kwanciyar hankali suke saye, kuma suna biyanta da tsada.

Abin da ke cikin akwatin

Akwatin rarraba wuta na kowane gida yana da iyaka, an rubuta ta a jikin babbar birekar da ke sama. Sababbin gidaje yawanci amfiya 200 ne. Tsofaffi da yawa amfiya 100 ne, wasu ma ƙasa da haka. A cikin wannan iyaka murhu ke ci, na'urar sanyaya ɗaki ke ci, tukunyar ruwan zafi ke ci. Mota kuma in ta zo ba baƙuwa ba ce mai ɗanɗana ta tashi, ita ce za ta fi kowa ci a gidan, kuma awa da awanni ba ɗagawa.

Saboda wannan ja na ba hutu ne kundin ƙa'idojin aikin wuta na Amurka ya ɗauki cajin mota a matsayin nauyi mai ɗorewa, ya wajabta layi da bireka su fi abin da caja ke ja da kashi 25 cikin 100. Caja mai amfiya 32 tana son bireka mai 40. Mai 40 tana son mai 50. Mai 48 tana son mai 60. Ka ɗora amfiya 60 a gidan da gabaɗaya ƙarfinsa 100 ne, ka ga inda aka dosa. Mai aikin wuta zai yi lissafin nauyin gidan, ya ce akwati ba zai ɗauka ba, sai an sauya shi. Sauya akwati aikin dubban daloli ne, in kuma wayar da ta shigo daga titi ma sai an canja ta, balle a ce a ƙarƙashin ƙasa take, kuɗin ya ƙara tashi kuma sai an jira kamfanin wuta. Cajar kanta galibi tsakanin dala 400 ne da 700.

A nan ne mai hankali ke tsayawa ya yi tambayar da ba kowane mai aiki ne zai yi masa ba, domin wanda zai ci kwangilar sauya akwati ba shi ne zai fara kawo hanyar kauce mata ba. Kusan duk cajojin kirki, irin su Tesla Wall Connector da ChargePoint Home Flex da Emporia da Wallbox Pulsar Plus da Grizzl-E ta Kanada, ana iya rage musu ƙarfi ranar kafawa. Caja ɗaya ce, amma a saita ta a amfiya 24 ko 16, sai ta shige cikin akwatin da ake da shi. Akwai kuma tsarin da ake maƙala wa manyan wayoyin gida ma'auni: in an kunna murhu da na'urar sanyi, caja ta sassauta da kanta, in gida ya yi barci ta koma cikakken ƙarfi. Kundin ƙa'idoji ya yarda da wannan. Wanda na'urar busar da tufafinsa ke gareji ma yana iya sayen 'yar na'urar da ke raba layin tsakaninta da mota, ɗaya ta jira ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan ta fi sauya akwati araha ƙwarai.

Sai dai akwai gidan da sauyawar ta zama dole ko babu mota. Akwatunan Federal Pacific da Zinsco da aka zuba a gidaje masu yawa daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 sun yi ƙaurin suna wajen birekar da ba ta faɗuwa lokacin da ya kamata. Wanda ya buɗe nasa ya ga ɗaya daga cikin sunayen nan, kada ya ɗora masa mota.

Bayan akwati sai nisa. Cajar da za a rataye kusa da akwatin wuta aikin 'yan awanni ne da 'yan ɗaruruwan daloli. In akwatin yana wancan gefen gida, ko gareji a ware yake sai an haƙa rami, kuɗin waya da na ƙwadago za su haura dubu cikin sauƙi. Wayar tagulla ba araha ba ce, kuma a nan ake yanke. Kuskuren da aka saba gani shi ne ja wa caja mai amfiya 48 wayar gida mai lamba 6 irin mai rigar roba, alhali iyakarta amfiya 55 ce, ba ta kai 60 ɗin da doka ke nema ba. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe, tana ɗumi a cikin bango ba wanda ya gani.

Sannan a soket za a jona ko kai tsaye za a ɗaure waya a jikin caja? Mutane suna son soket mai baki huɗu da ake kira NEMA 14-50, saboda in za su tashi daga gidan sai su zare cajarsu su tafi. Amma soket ɗin dala goma sha wani abu da ake sayarwa a manyan kantuna don murhu aka yi shi, wanda ke aiki jefi-jefi. Ja na tsawon dare yana gasa shi, sukurori su saki, roba ta narke. Araha ba ta ado. In dai soket za a sa, sai irin na masana'anta, kuma ƙa'idojin zamani sun ce sai an haɗa shi da bireka mai gano zurarewar wuta, wadda ke ƙara kuɗi, wani lokaci kuma ta yi ta faɗuwa ba dalili saboda cajar ma tana da irin wannan tsaro a cikinta. Iyakar soket amfiya 40 ce. Mai son 48 ba shi da zaɓi sai ɗauri kai tsaye. Ni da za a tambaye ni, ɗaurin kai tsaye zan ce ko a ƙaramin ƙarfi: mahaɗa ɗaya ta ragu, wurin da zafi zai taru ya ragu.

Takardar izini daga hukumar gari da zuwan mai duba aiki suna cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ake samun masu cewa a bar su, wani ɗan'uwa zai zo ranar Asabar ya ɗaura. Ranar da wani abu ya faru, kamfanin inshora takarda zai tambaya, ba zumunci ba.

Kan waya da rikicin manhaja

Shekara da shekaru kan cajin gida iri biyu ne a Amurka: na Tesla, da J1772 na sauran motoci. A Nuwamban 2022 Tesla ta buɗe nata ga kowa ta sa masa suna NACS. A Mayun 2023 Ford ta ce ta bi, General Motors ta biyo a watan Yuni, kafin wani lokaci kusan duk manyan kamfanoni sun miƙa wuya. Hyundai Ioniq 5 ƙirar 2025 ta fito da bakin NACS daga masana'anta. Amma miliyoyin motoci masu J1772 suna nan kan titi, za su daɗe kuma. Wannan bai kai abin tayar da hankali ba. A cajin gida yaren da kawunan biyu ke yi da mota ɗaya ne, siffa ce ta bambanta, ƙaramin mahaɗi mai inganci ya raba gardama. Tesla ma tana sayar da wata caja mai ɗauke da kawunan biyu a jiki. Ka sayi wadda ta dace da motar da ke hannunka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsawon waya, domin wata motar bakinta a gaba yake, wata a baya. Doka ta ƙayyade iyakar tsawon a ƙafa 25, kuma wanda ya sayi gajera don rage dala hamsin zai yi ta juya mota kowane dare.

Manhaja kuwa sai a yi hattara. A Oktoban 2024 kamfanin Enel X Way, mai cajar JuiceBox da ta shiga gidaje masu ɗimbin yawa, ya sanar da rufe harkarsa a Amurka da Kanada, ya ba da sanarwar kwanaki kaɗan kacal. Cajojin gida sun ci gaba da ba da wuta, amma masu su suka shiga zullumi kan saita lokaci da sarrafa ƙarfi, abubuwan da suka dogara da kwamfutocin kamfanin. Darasin a fili yake: a nemi cajar da za ta yi aikinta ko intanet ya ɗauke, ko kamfani ya mutu. Motoci da yawa ma suna da agogon saita lokacin caji a cikinsu. Dalili ɗaya mai ƙarfi na sayen caja mai intanet shi ne in kamfanin wutar yankinka ya sa ta cikin sharuɗɗan tallafinsa. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tambarin gwajin tsaro, UL ko ETL. Kasuwannin intanet cike suke da cajoji masu kyan hoto da ba wanda ya gwada su.

Wannan batu na kan waya bai tsaya a Amurka ba, domin motocinta na hannu ta Kwatano da Legas suke bi su iso Kano da Kaduna da Maraɗi. Motar Amurka ta zo da J1772 ko NACS, ta Turai da nata kai, wadda aka ƙera don kasuwar Sin da nata. Mai saye ya tambayi bakin mota kafin launinta. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, don haka soket na yau da kullum a can yana ba da kilowat 2 da ɗoriya, ya fi na Amurka. Amma wasu wayoyin cajin da ke zuwa a but ɗin motar Amurka na bolt 120 ne kaɗai, sai a karanta jikinsu kafin a jona. Cajoji da yawa kuma ba sa sakin wuta in gida ba shi da wayar tsaro da ake sokawa a ƙasa. A Oktoban 2024 gwamnatin Najeriya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki, tun 2021 kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a General Motors, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Najeriya da Nijar tambayar farko ba girman bireka ba ce, awa nawa ake kawo wuta ce.

Dala dubun nan, ta wa ce?

Ragin da ake magana yana sashe na 30C na dokar harajin tarayya. An haife shi a dokar makamashi ta 2005, zamanin George W. Bush, don tashoshin man da ba fetur ba, daga baya aka shigar da lantarki. Ya sha mutuwa ana tayar da shi. Ya faɗi a ƙarshen 2021, dokar rage hauhawar farashi da Joe Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agustan 2022 ta dawo da shi da sababbin sharuɗɗa. Ga mai gidan da cajarsa ta fara aiki zuwa 30 ga Yunin 2026, kashi 30 cikin 100 ne na kuɗin caja da na kafawa, iyaka dala 1,000. Wato sai aikinka ya kai kusan dala 3,333 kafin ka ga dubun nan cif. A ɗauka ka sayi caja dala 500, mai aiki ya karɓi 1,200. Rabonka dala 510 ne. Kuɗi ne, amma ba irin wanda za a sauya shawara saboda shi ba.

Sharaɗin da ya fi rikita mutane shi ne na wuri. Daga 2023 ba kowane gida ne ya cancanta ba, sai wanda ke cikin yankin ƙidaya da aka lasafta na masu ƙaramin ƙarfi, ko wanda ba na birni ba. Yankin masu ƙaramin ƙarfi shi ne inda talauci ya kai kashi 20 cikin 100, ko inda samun matsakaicin iyali bai wuce kashi 80 cikin 100 na na kewaye ba. Baitulmalin Amurka ya ce kusan kashi biyu cikin uku na jama'ar ƙasar suna zaune a irin waɗannan wurare, cibiyar bincike ta Argonne kuma ta fitar da taswirar da mutum zai sa adireshinsa ya gani. Abin lura shi ne unguwa ake aunawa, ba aljihu ba. Attajirin da ke da gidan gona a karkara ya cancanta. Ma'aikaciyar jinya da ta yi ta maza ta sayi ɗan gida a unguwar masu hali ba ta cancanta ba. Titi ɗaya yana iya raba maƙwabta biyu.

Sai kuma yadda ake biya. Ba caki ake aiko wa mutum ba. Ka kashe kuɗinka tukuna, in lokacin shigar da takardun haraji ya yi ka cika fom mai lamba 8911 na hukumar haraji ta IRS, a rage maka daga harajin da ake binka. In harajin da ya hau kanka a shekarar bai kai ragin ba, abin da ya rage ya bi ruwa, ba a ba ka a hannu, ba a ɗaga maka shi zuwa baɗi. Iyali mai 'ya'ya da yawa da matsakaicin samu, wanda ragin yara ya riga ya share masa haraji, yana iya tashi a tutar babu. Dole kuma cajar ta zama sabuwa, a gidan da kake zaune, ba gidan hutu ba. Wanda ke sana'a da motarsa ya zauna da mai shirya masa takardu, domin kason da ya shafi kasuwanci lissafinsa daban ne, daga kashi 6 cikin 100 yake farawa.

In aka haɗa waɗannan, sai a ga wa aka bari a baya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Amurka a gidan haya suke. A Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Zangon Gana da na Nijar da na Najeriya suke da yawa, kuma tuƙin haya na cikin sana'o'in da suka fi riƙe baƙi daga Afirka ta Yamma, kusan gida huɗu cikin biyar haya ne. Unguwanni da dama a can sun cika sharaɗin taswira, amma wanda ke hawa na biyar, motarsa na kwana a bakin titi, ina zai rataye caja? Ga shi kuma tun Oktoban 2023 hukumar tasi ta birnin ta kafa ƙa'idar cewa zuwa 2030 duk ɗaukar Uber da Lyft sai a motar lantarki ko wadda ke ɗaukar keken guragu. Waɗanda suka fi kowa cin mil, suka fi kowa bukatar wuta mai araha, su ne ke layi a tashoshin caji mai sauri suna biyan ninki biyu ko uku na farashin gida. California da wasu jihohi suna da dokar da ta hana mai gidan haya ƙin yarda ɗan haya ya kafa caja a wurin ajiye motarsa in zai biya da kansa, amma dokar ba ta ƙirƙiro wurin ajiye mota ga wanda ba shi da shi.

Inda kuɗin gaske yake

Ragin haraji sau ɗaya ake cinsa. Kuɗin wuta kowane wata ne. Motar da ke cin mil 13,500 a shekara za ta sha yunit kusan 4,000. A 2025 matsakaicin farashin yunit a gidajen Amurka wajen santi 17 ne, a California ya haura 30. Kowane santi 10 da ka rage a kan yunit dala 400 ce a shekara, wato cikin shekara uku ka wuce dala dubun da gwamnatin tarayya ta yi wa mai kafa caja alkawari. Kamfanonin wuta suna son a yi caji lokacin da layi ya huta, suna kuma biya don haka. A tsarin motoci na PG&E a California wuta ta fi tsada daga 4 na yamma zuwa 9 na dare, ta fi araha daga 12 na dare zuwa 3 na rana. Georgia Power tana da farashi mai rahusa sosai daga 11 na dare zuwa 7 na safe. A Texas akwai kamfanonin da ke tallan wutar dare kyauta, ko da yake suna fanshewa a farashin rana, sai an duba da kyau. Con Edison a New York tana ba da lada ga mai caji bayan tsakar dare. Wasu kamfanonin, irin Austin Energy, sukan mayar da wani kaso na kuɗin caja da kafawa, amma da sharaɗin samfurin da suka amince da shi da takardar izini. Shi ya sa ake buga musu waya kafin a saya, ba bayan an buɗe kwali ba. Waɗannan tsare-tsare ba su rataya da dokar tarayya ba, wa'adin Yuni bai shafe su ba.

Game da wa'adin kansa, dokar ba ranar saye take kallo ba, ranar da caja ta fara aiki take kallo. Kwalin da ke jingine a gareji yana jiran mai aiki ranar 1 ga Yulin 2026 ba shi da rabo, ko da rasit ɗinsa na watan Maris ne. Wanda tasa ta fara aiki tsakanin Janairu da ƙarshen Yunin 2026 a yankin da ya cancanta, haƙƙinsa yana nan, a takardun harajin 2026 zai nema, waɗanda ake shigarwa zuwa 15 ga Afrilun 2027. Mai karatu, in kana cikinsu, adana rasit ɗin caja da na mai aiki da takardar duba aiki mai ɗauke da kwanan wata, ka kuma rubuta lambar yankin ƙidayarka mai alƙaluma 11, domin fom ɗin zai tambaye ta.